Malam Karanta-Min Ya Miƙa Makullin Ɗakin Kwamfuta

Kafin ɗalibi ko ɗaya ya iso, shi ya riga ya iso. Zai buɗe ɗakin kwamfutocin da ke ƙarshen baranda a cibiyar koyon sana'a, ya ɗage labule, ya bi tebur-tebur yana kunna su. Ya san wadda ke tashi salin-alin, ya san wadda sai an bubbuga mata gefe. Fanka ɗaya ce ke aiki a ɗakin, ita ma sai an tura ta da sanda. Daga nan ya ja kujerar robarsa mai ɗaurin waya ya zauna, ya cire tabarau ya murza idanu. Ranar ba ta ma fara ba, amma ka ga gajiya a fuskarsa.

Shekara da shekaru aikinsa ke nan, koya wa sababbin shiga rubuta ƙananan manhajoji. Ga wanda bai sani ba, in ka rubuta wa kwamfuta umarni, akwai wata aba da ake kira kwamfaila, ita ke duba rubutun kafin na'ura ta yi aiki da shi. In ta ga kuskure sai ta ƙi, ta zubo maka jan rubutu cike da sikirin. Ɗaliban ɗakin Suruka suke kiranta, wai don ba ta ganin alherinka, sai inda ka kasa.

In Suruka ta yi faɗa aka kira Malam, zai zo ya tsaya a bayan mutum, hannayensa goye a baya. Ba ya taɓa madannan kowa. Sai dai ya ce, "Karanta min. Na saman kawai." Daga nan sunan ya bi shi.

Ni ban taɓa zama ɗalibinsa ba, kuma ba na marmari. Yayata ce ta kai ni. Tun ina yaro take buga takardu a wani kamfani, tun zamanin tafireta. Kwatsam aka ce an sauya tsarin aiki, duk wanda bai ci jarrabawar rubuta manhaja ba, a bakin aikinsa. Mace mai furfura, mijinta ya rasu, ga yara a makaranta, wai yanzu za ta koma aji. Ni ke kai ta a babur in ta tashi aiki, in jingina da taga ina jira har a tashi. Yawancin abin da zan faɗa da idona na gani.

Yaya ta fi kowa saurin hannu a ɗakin, wannan ba gardama. Matsalarta ɗaya. A aikin tafireta, in takarda ta sami kuskure, zare ta ake yi a yaga, a sa sabuwa. Haka aka horar da ita, shugaba ba ya sa hannu a takarda mai gyara. To da jan rubutu ya bayyana, kafin ka ƙifta ido ta goge komai ta faro daga farko. Ta sake bugawa tsaf, da kuskuren da komai, Suruka ta sake zubo mata ja. Ta sake gogewa.

"Hajiya, ina aikin da muka yi?" in ji Malam.

"Ya ɓaci, Malam. Na sake sabo."

"Me ta ce ya ɓaci?"

"Oho mata! Ni ina na tsaya sauraron zagi?"

Ɗakin ya kwashe da dariya. Malam bai yi ba. Ya jawo kujerarsa ya zauna kusa da ita, ya sauke numfashi, ya ce, "Ba zaginki take yi ba, Hajiya. Kwatance take miki, ba ta dai iya magana ba ne. Na saman nan shi ne gaskiya, sauran duk 'yan rakiya ne. Karanta min."

Ta karanta da ƙyar. Ya tambaye ta wane layi aka ambata, ta faɗa. Ya ce ta je can, ta kuma duba na samansa. Ta daɗe tana kallo. Ni daga taga har na hango abin, alamar baka ce ta buɗe a rubutun ba ta rufe ba, bakina na ƙaiƙayi. Malam ya ɗago ya harare ni, na haɗiye maganata. Da ta gano da kanta ta gyara, jan nan duk ya ɓace lokaci guda. Yaya ta riƙe haɓa ta ce, "Au! Dama duk hayaniyar nan a kan abu ɗaya ce?"

Kada ku ɗauka daga ranar ta warke. Ina! Washegari ta goge, jibi ta goge. Kullum Malam ya jawo kujera, kullum tambaya ɗaya. Wani yammaci a hanyar gida ta ce min, "Auta, gobe kada ka zo ɗaukata. Na gaji. Su kore ni kawai in huta." Ni ma wallahi na gaji. Da safe sai ga kiran Malam a wayarta. Bai yi mata wa'azi ba. Cewa ya yi ya kunna kwamfutarta, kuma ba ya son wuta ta tafi a banza. Ta yi tsaki, ta yi mita, da yamma ta hau babur.

Malam, kai ne ka maimaita magana ɗaya har muryarka ta dushe. Kai ne ka ga gyaran da ɗan yatsanka zai yi nan take, ka danne zuciyarka ka jira mai shi ya gani. Mai gadin cibiyar ya ce min ya sha ganinka bayan an tashi, ka kifa kai a tebur, ka kasa ko miƙewa. Waɗanda suka koyi abin a gabanka sun tafi manyan wurare, kai kana nan da fankarka mai sanda. Mai haƙurin da ba a gani, sannu da aiki.

Ranar jarrabawa Malam ba ya wurin, a kamfanin aka yi. Yaya ta ba ni labari da kanta. Ta gama rubutu, ta danna, sai ga ja har ƙasa. Ta ce hannunta da kansa ya tafi wajen gogewa. Sai ta cusa hannayen a ƙarƙashin cinyarta ta zauna a kansu, ta karanta na saman da ƙarfi. Mai sa ido ya ce, "Hajiya, a yi shiru mana." Ta ce, "Yi haƙuri ɗana, in ban ji da kunnena ba, ba na ganewa." Ta je layin, ta gyara. Cikin tsofaffin masu buga takardu da suka zauna jarrabawar ranar, da yawa an sallame su. Yaya tana nan a kujerarta.

Watan jiya Malam ya yi ritaya. Babu taro, babu jawabi. Ya miƙa makulli a ofis, aka ce masa a sauka lafiya. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, duk da ni ba gwanin yabo ba ne. Ku da kuke koyar da wani abu, ko ɗinki ne ko tuƙi, ku yi koyi da shi, ku bar mai koyo ya ga kuskurensa da idonsa. Ku kuma da kuka bi ta hannun irinsa, ku je ku gaishe su tun suna jin sallama.

Mu mun je. Mun same shi a ƙofar gida kan tabarma, ya miƙe ƙafafu. Yaya ta durƙusa ta gaishe shi, ta fara godiya, kuka ya ci ƙarfinta. Ya amsa da fara'a, ya sa mata albarka, ya tambayi yara. Da muka miƙe za mu tafi sai ya jawo hannuna, ya rage murya don kada ta ji.

"Ɗan'uwa, ka yafe ni. Wace shekara ta yi wajenmu? Sun yi yawa, na kasa tuna ta."

Ba komai, Malam. Allah ya saka da alheri, ya ba ka hutu. A gidanmu yara na cin abinci, kuma sun san sunanka.