Fuskar da ke jikin kart sejur ɗina

Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu tambayata tabon nan na kumatuna, kullum in ce muku tsohon zance ne, yau dai zan buɗe baki. Wajen shekara talatin ban ba kowa labarin nan ba.

Jiya na tarar da autata Nafisa gaban madubi tana ɗiga ruwan bitamin C a kan ƙuraje, fuska ta yi jawur, wai zafin alamar yana aiki ne. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Maganar da aka taɓa faɗa mini ke nan.

Ina amarya maigida ya ɗauko ni daga Maraɗi zuwa birnin Libreville, muka zauna a unguwar PK8, yana tuƙin taksi. Ni dama mai ƙuraje ce, ga fata ba ta son wargi, ko sabulu na canza sai ta tashi. Akwai wani man farmasi da ke lallaɓa mini ita. Da aka karya darajar kuɗin sefa farashinsa ya ninka, na haƙura.

Ana cikin haka aka ce duk baƙon da ba shi da kart sejur, wato takardar zama, ya nema ko ya bar ƙasar. Maigida yana da tasa, ni babu. Ya yi ta faɗi-tashi har ya haɗa komai, saura hoto. Hoton kuma ba lulluɓi, fuska a buɗe har kunnuwa.

Ƙuruciya dangin hauka! Na ce da waɗannan ƙurajen za a ɗauke ni, in yi ta nuna wa jandarmomi?

Maƙwabciyata Yaya Hadiza, 'yar Garwa, ta ce, "Haba Rabi, wannan ai ƙaramin abu ne. Daka ƙwayar bitamin C ki kwaɓa da lemon tsami, ki shafe fuska, ki zauna a rana ya bushe. Haka nake yi." Ba mugunta ta yi ba, ita fatarta tana ɗauka.

Na shafa. Kamar an watsa mini barkono. Na leƙa ta katanga na ce, "Yaya, zafi!" Ta ce, "Daure, aiki yake yi." Na daure. Washegari na ƙara.

Fuska ta kumbura, ta yi bororo, ta fashe tana ruwa. Idona na hagu ya rufe. In na kwanta sai matashi ya manne mini a kunci, sai an jiƙa da ruwan ɗumi. Zazzaɓi ya biyo baya.

Maigida ya ce, "Tashi mu tafi asibiti." Na ce ba inda za ni. Hanyar cikin gari duk shinge ne, ana sauke mutane ana tambayar takarda, wanda ba shi da ita a tura shi babbar mota. Ba asibiti sai da takarda, ba takarda sai da hoto, ga shi ba fuskar da za a ɗauka. Na yi kuka, hawayen ma ƙara mini raɗaɗi suke.

Ranar da na fara sambatu bai sake shawara da ni ba. Ya kwantar da ni a bayan taksi, Yaya Hadiza ta riƙe kaina tana ta salati. A shinge jandarma ya ce takarda. Maigida ya ɗaga mayafina kawai. Mutumin ya kau da kai, ya yi mana hannu mu wuce.

Likitar da muka samu a asibiti mace ce 'yar ƙasa, tana Faransanci maigida yana fassara mini. Aka ɗebi jini, aka dangwali ruwan ciwon da auduga aka kai awo. Ta ce ƙuna ce, cuta ta shiga, da mun ƙara jinkiri da ta kai jini. Ta dube ni ta ce, "Wa ya ce miki zafi magani ne?"

Aka ba ni gado. Ƙarin ruwa, allura, wankin ciwo kowace safiya. Wankin nan ko maƙiyina ba na yi masa fata. Duk maganin da aka rubuta sai maigida ya sayo a farmasi da sabon farashi, har rediyon motarsa ya sayar. Wa'adin takarda kuma yana ta matsowa.

Ana sallama ta, sai wajen mai hoto a wata unguwa da ake ce wa London. Fuska duk ɓawon ciwo, ido ɗaya a ƙanƙance. Ni da na so hotona ya fi na kowa kyau, wannan aka manna mini a kart.

Watanni ina gudun rana, ina shafa man da likita ta rubuta. Madubi kuwa na juya shi yana kallon bango, don na riga na yanke ƙauna.

Sai wata rana za mu suna garin Ntoum, jandarma ya karɓi kart ɗina. Ya dubi hoton, ya dube ni, ya ɗaure fuska ya ce, "Madam, wannan ba ke ba ce." Maigida ya tsorata yana ta bayani, ni kuwa dariya ta ƙwace mini, ina yi hawaye na zuba. Ranar na san na warke.

Alhamdu lillahi. Allah ya saka wa likitar nan, ya saka wa maigida da bai taɓa kau da kai daga fuskata ba. Allah ya jiƙan Yaya Hadiza, har ta rasu tana neman gafarata, alhali na yafe tun a bayan taksi.

'Yan matana, ku ji. Bitamin C ba abokin gaba ba ne, amma ba kowace fata ke ɗaukarsa ba. Ki fara gwada ɗan kaɗan a bayan kunne, ki jira ki gani. Kada ki sa a ƙurjin da ya fashe, kada ki haɗa da lemon tsami, kada ki shiga rana da shi. In ya yi zafi ki wanke maza, in ya kumbura ki nemi likita.

Nafisa ta so ta yi mini gardama. Ban ja da ita ba, na buɗe akwati na ɗauko tsohon kart ɗin na miƙa mata. Ta ce, "Mama, wace ce wannan?"

Na ce, "Wata ce da aka ce mata ta daure. Je ki wanke fuskarki."