Ƙahon Hagu na Wule

Hamajoɗa bai yi kuka ba shekarar da ciwon bushiya ya share masa garke, a 1983. Shanu talatin da ɗaya ya binne a bayan Dagona, ya karkaɗe hannu, ya shigo Gashuwa ya kama gadin rumbun barkono. Mutane suna ta yaba tawakkalinsa. Ba tawakkali ba ne, zuciyar ce ta mutu masa kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Tuwo da ƙasa duk ɗaya suke a bakinsa.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai. Wule, saniyar da ta fito daga tsatson karsanar da mahaifiyarsa ta ba shi ranar suna, ta ɓace masa a ido. In ya runtse, gawarta kawai yake gani a kumbure. Bafulatanin da ya manta kamannin saniyarsa, me ya rage masa?

Bayan shekara biyu ya tuna da Gaji. A da, Gaji zaman kashe wando yake a mashayar shanu, yana zane da guntun fensir a takardar buhun siminti, har ya taɓa zana Wule makiyaya suna yi masa dariya. Yanzu ya zama gwanin fentin manyan motoci a Nguru, kusa da tashar jirgi. Hamajoɗa ya hau mota ya same shi.

Gaji ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya ce ai zanen saniya ƙaramin alhaki ne. Kwana uku ya yi a kan allon katako. Saniya ta fito ja wur, tozo kamar tulu, ciyawa har gwiwa, ƙahoni biyu daidai wa daida. Direbobi suka taru suna sambarka. Hamajoɗa ya duba, ya ce an gode, amma ko gezau. Saniya ce mai kyau, sai dai ta kowa ce.

Abin ya sosa wa Gaji rai. Ya bankaɗe tsohon akwatinsa ya zaro waccan takardar simintin da ya zana Wule a kai, yana ba da haƙuri, wai aikin ƙuruciya ne, lokacin hannunsa bai faɗa ba, ko ƙaho bai iya daidaitawa ba. Layi shida ne, duk sun dushe: gadon baya, tozo, wuya a sunkuye. Babu ido ma. Ƙahon hagu ya karkato ƙasa.

"Ba kuskure ka yi ba," in ji Hamajoɗa. "Haka yake. Tana karsana ta gwabza shi da kututture, ni na ɗaure mata."

Ya daɗe yana kallo. Inda fensir bai taɓa ba, shi ya cike da kansa, har farin goshinta. Bai san lokacin da bakinsa ya yi kiran da yake mata in za a tatsa ba, nan cikin warin fenti.

Ya bar wa Gaji allon, ya ninke takardar ya sa cikin hula. A hanyar komawa mota ta tsaya a Jajimaji, wata mai tallan nono ta miƙo ƙwarya ta taga. Ƙamshin ya buge shi. Ya ce ta zuba masa, amma kuka ya hana shi sha.