Na Ga Tagogin Suna Kallon Gabas, Na Yi Shiru

Edita, a wancan lokacin ni birkila ne a Jalingo, mai digirin aji huɗu na firamare, wanda na kammala a guje ranar da malamin lissafi ya ɗauko dorina. Shekara talatin ina ɗora bulo kan bulo, sai Allah Ya kai 'yata jami'a, karatun zanen gine-gine.

Da aka tura su koyon aiki, wurina ta zo. Ni kuwa na shimfiɗa mata tabarma a gindin mangwaro, na hana ta taɓa siminti, wai kada hannun mai digiri ya yi kanta. Da la'asar mukan zauna a ƙofar gidanmu na unguwar Barade, tana zane, ina kallon gajimare na sauka kan duwatsu, muna gina benaye da baki. Har ɗaki ta ware min a sama, inda ta ce tsuntsaye za su riƙa gaishe ni. Na karɓi mukulli.

Tana gamawa, wani manomin shinkafa a garin Mutum Biyu ya ba ta aikinta na farko. Ta zana masa manyan tagogi ta gabas, babu ko baranda, don hantsi ya riƙa zubowa ɗakinsa. Kowane lebura ya san hadarinmu ta gabas yake tasowa, ruwan kuma a karkace yake bugun bango. Da ta nuna min zanen na buɗe baki zan faɗa mata, sai na ga yadda fuskarta ke haske, na tuna aji huɗuna, na ce ya yi kyau.

Ruwan farko ya jiƙa katifar mutumin da buhunan irinsa. Ya sa aka toshe tagogin da bulo, labari ya zaga kasuwa, masu jiran zanenta suka janye. Ta naɗe takardunta ta ɗora kan sif har damina ta wuce.

Ranar da na furta mata cewa tun farko na san ruwa zai shiga ta tagogin, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi malamanta sun ba ta duk abin da suke da shi, Babanta ne kaɗai ya yi mata rowa.

Ta koma aiki, amma sunanta bai gama warkewa ba. Don haka, ku tsofaffin magina, in aka kawo muku ɗalibi, ku tsayar da shi cikin ruwa ya ji ta inda yake dukansa. Ku kuma ɗalibai, in tsoho ya yi saurin cewa zane ya yi kyau, ku riƙe masa riga, ku sake tambayarsa.