Wayar birki da hannuna na dama

Assalamu alaikum. Wata huɗu ke nan ban rubuta komai a nan ba. Duk wanda ya tambaya na ce masa fitila ce ta ƙona ni. Ba fitila ba ce.

Tun rasuwar mai ɗakina, in na taso daga garka da yamma ba ni da wurin zuwa. A waya na ga masu wasan wuta: dunƙulen tsumma biyu a bakin sarƙa, a jiƙa da kananzir, a kunna, a riƙa juyawa. Abin ya shiga raina. Amma mai shekara arba'in da ɗaya ba ya faɗin irin wannan a majalisa. Sai na riƙa yi a bayan garkata, gefen tabki, bayan magariba, ni kaɗai.

Ban nemi sarƙa ba. Wayar birkin moto, wato babur, na sa, wadda muke ɗaure komai da ita a Madarumfa. Na gwada ta iyakar sanina: na rataya mata bido, wato jarka, cike da ruwa, ta kwana ba ta tsinke ba. Na rubuta a kayena, littafin da nake ajiye komai tun ina koleji: "Ta ɗauka."

Ban gwada ta da zafi ba, ban gwada ta da lanƙwasa ba.

A sati na uku wani sili ya soke ni a yatsa, daidai inda wayar ta shiga tsumma. Na rubuta: "Sili biyu sun tashi. Ko a canza?" A ƙasa na ƙara: "Wasuwasinka ne, Isuhu, kamar kullum." Ni mai komawa sau uku ne in duba ko na rufe ƙofa, kuma na gaji da halina.

Washegari ta tsinke. Dunƙulen ya faɗo mini a ƙirji, na cafke shi da hannun dama. Rigar da ke jikina ta leda ce mai dogon hannu, ta narke ta manne mini daga tafi har gwiwar hannu.

Kwana uku na ɓuya a ɗaki ina shafa man goge baki. Zazzaɓi ya zo, hannun ya kumbura. Yaya Habsu ce ta shigo da fura.

"Isuhu, mi ke wari haka? Buɗe in gani."

Na buɗe. Ta yi salati ta ce, "Kai da ka yi karatun lakkol?"

Aka tura ni Maraɗi. An ɗebi jini, an yi mini allurar tetanus, an sa ƙarin ruwa. Likitar ta daɗe tana duba hannun.

"Malam, fitila ba ta yin haka. Ba don in yi maka dariya nake tambaya ba."

Ita ce ta fara jin gaskiya. Ta ce, "Ciwon zai warke in sha Allah. Yatsun ne ban yi maka alkawari ba."

Kullum da safe wankin ciwo. Nakan cusa gefen zane a baki. Yaya ta sayar da tunkiyarta don magani, tana zuwa Talata da Juma'a. Sauran ranaku ina kwance ina jin ƴan'uwan wasu suna hira. In ƴan garinmu sun zo dubiya sai su ce, "Allah ya raba mu da fitilun nan," ni kuma in ce amin. Bayan sun tafi na fi jin kaɗaici.

Yatsun suka fara naɗewa ciki. Na gwada rubutu da hagu, ban gane rubutun ba, na rufe kayen. Tsorona ke nan, ba tabo ba.

Ma'aikacin asibiti mai miƙar da yatsu yakan ce, "Yi kukanka, Malam, amma kar ka janye." Sati bakwai muna haka. Wata safiya biro ya tsaya tsakanin yatsuna uku bai faɗi ba.

Da na dawo gida na kai wa Mamman maƙeri guntun wayar. Ya juya ta ya ce, "Malam Isuhu, wagga ja ta sani, ba ta san juyi ba. Da ka zo ai da na hwaɗa maka."

Da ma na je. Kunya ce ta hana ni.

Ga mai son wasan nan: ka nemi sarƙar ƙarfe wadda aka yi wa kowane ido walda, ba mai buɗaɗɗen baki ba. Ban da wayar birki, igiyar leda, zoben makulli da duk abin alminiyam. Ka duba ta ido-ido kafin ka kunna, kowane lokaci. Ka sa rigar auduga. Wani ya tsaya kusa da jiƙaƙƙen tawul. In ka ƙone, ka zuba ruwa mai tsabta, ka tafi asibiti ranar, ka faɗi abin da ya faru.

Alhamdu lillahi. Yaya Habsu, Allah ya mayar miki da alheri. Likita da duk masu wankin ciwo, na gode.

Ƙaramin yatsan har yau bai miƙe ba. Jiya na buɗe kayen a wancan shafi, na soke layin "wasuwasinka ne". Jan layin ya karkace, amma da dama na ja shi.