Yadda Aka Kama Ni Bawa a Aji Biyar

A aji biyar na firamare aka kama ni bawa, kuma a duk zamana na makaranta ban taɓa jin daɗi irin na wannan zangon ba.

Kafin nan ni ba kowa ba ne. Makarantarmu tana unguwar Turaki a Jalingo, aji cike maƙil, ni kuwa ina can baya inda ake ajiye tsintsiya da waɗanda aka fid da rai da su. Karatu ba ya shiga kaina. In malami ya ce a tashi a karanta, sai in sunkuya in kama gyaran takalmin da babu abin da ya same shi. In aka ce a rubuta insha'i a kan abincin da muka fi so, layi biyu nake yi in ajiye alƙalami, don ni a ganina in ka ce dambu ne ka gama magana. Tarihi kuwa abin da na fahimta shi ne, a da akwai mutane, sun yi ta faɗa, sai Bature ya zo. Har yau ban ga an ƙara wani abin kirki a kan wannan ba.

A wannan shekarar aka kawo mana sabuwar malama mai koyar da Turanci da tarihi. Mutuniyar Kudu ce, an yi wa mijinta canjin aiki zuwa sakatariya ta biyo shi. Mace ce mai himma, irin himmar nan da kan sa baƙo ya taka abin da 'yan gari suka daɗe suna kewayewa. Ta karanta a wani littafi cewa a zamanin da, masu dawaki kan kai hari kan mutanen dutse, su kamo su su sayar. Ta shigo aji da murnarta, ta buɗe taga ta nuna mana duwatsun da ake hangowa daga filin ƙwallo, ta ce ga tarihi nan a bakin ƙofarmu muna barci. Nan take ta yanke cewa za mu yi wasan kwaikwayo a kai ranar ba da kyaututtuka. Ita ta rubuta da Turanci, mu muka taya ta juyawa zuwa Hausa don iyaye su ji. Abin da littafin bai gaya mata ba shi ne jikokin masu kamun da jikokin waɗanda aka kama suna zaune a benci guda a gabanta, suna raba gasasshiyar doya. Kowa a garin ya san haka, shi ya sa ba mai ɗauko zancen.

Ranar rabon matsayi ba ta tambayi ɗan gidan wane ne kowa ba. Ta jera mu a rana tana duban fuskoki, da Hausarta da ba ta san mace ba ta san namiji ba.

"Kai dogo, ka hau doki. Ke ma dogo ne, ka hau doki."

Abokina da muke zama tare ɗan ƙabilar Mumuye ne gaba da baya, jikan mutanen dutsen nan, amma Allah ya yi shi dogo, fari, da hanci har baka. Tana ganinsa ta naɗa shi shugaban mahara. Ni kuwa ɗan gidan Fulani ne, gidan da ko kaza sai ta ji Fulatanci kafin ta ci tsaba, sai dai na fito gajere, baƙi, mai faɗin kafaɗa. A gida ma tsokanata ake yi wai an yi musanyata a asibiti. Malama ta dube ni sau ɗaya.

"Kai gajere, ka hau dutse."

Aji ya kwashe da dariya. Ita ta ɗauka murna muke.

Muka ɗora benci kan benci ya zama dutse. Mahara suka yi dawakin kara, aka aro igiyar guga daga gidan da ke bayan makaranta. Ni ne wanda za a kama daga ƙarshe, don haka ni aka ba jawabin ban kwana: in yi sallama da dutse, da uwata, da gonar doya. Wannan jawabi shi ne abu na farko da na taɓa haddacewa a rayuwata, cikin kwana kaɗan kuwa. Ban tsaya nan ba, na ƙara masa gishiri. Da abokina ya ɗaure mini hannu sai in zube ƙasa in yi ta birgima, in tsala ihu, in kira awakina ɗaya bayan ɗaya da sunayen da na ƙirƙira musu, in roƙi mahara su bar ni in koma in ƙarasa ɗumamen da na bari. 'Yan wasu azuzuwan suka riƙa cika tagoginmu. Hedimasta ya leƙo don ya yi faɗan surutu, ya ƙare yana share hawayen dariya da hularsa.

Malama ta dafa kaina ta ce, "Wannan yaro, ashe kana da kai."

Ba wanda ya taɓa faɗa mini haka. Na so wannan igiya fiye da yadda na so komai a makarantar, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Labari ya kai gidaje. Mahaifin abokina ma'aikacin jinya ne, mutum mai barkwanci. Da ya ji ɗansa ne shugaban mahara, cewa ya yi ya riƙe igiyar da kyau, bana karonsu ne. A gidanmu kuwa ba a yi dariya ba, domin labarin kunnen kakata ya fara faɗawa.

Kakata, mahaifiyar babana, ita ke mulkin gidan. Babana falken shanu ne, yau yana wannan kasuwa gobe yana waccan, in ma yana nan duk abin da ta faɗa amsarsa ɗaya ce: yadda Dada ta ce, wato uwa da Fulatanci. Tana jin Hausa sarai, amma in magana ba ta yi mata ba sai Hausar ta ɗauke mata ɗif. Ni take kira maigida, kullum muna cikin wasa, tana cewa ta gaji da auren gajeren miji marar ko sisin cefane. Ran nan da na dawo babu wasa a fuskarta.

"An ce a makarantar boko ɗaure ka ake yi da igiya."

"Wasa ne, Kaka."

"Wa ke riƙe da igiyar?"

Na faɗa mata. Ta ajiye maburgin da ke hannunta ta yanke hukunci a tsaye: ko a cire igiyar nan daga jikina, ko ranar kasuwa a sa ni a mota zuwa Lau, wurin Baffa, in bi shanu. In dole sai na yi wasan, to in hau doki kamar kakannina. Na ce mata masu dokin ba su da magana sai "ku kama su", wannan ko ɗan aji ɗaya zai iya. Ta ce ai shi ya sa suka fi mutunci. Babana yana zaune yana alwala, na dube shi, ya ce yadda Dada ta ce. Na yi kuka, na gaskiya, kuma bai kai na wasan daɗin ji ba.

Na san Lau. Na taɓa yin hutu a can, na dawo da kaska a kunne da tabbacin cewa shanu ba sa ƙaunata. Amma duk da haka na kafe ban ce zan bar matsayina ba. Da ta ga haka, washegari ta ɗaura zanenta na zuwa biki, ta yafa mayafi, ta tasa ni a gaba har makaranta.

A gindin darbejiya suka haɗu da Malama. Kaka ta ɗauke Hausarta ta buɗe Fulatanci, ta ce in fassara. Ta ce in tambayi matar nan ko a garinsu haka ake ɗaure 'ya'yan mutane kamar awakin kasuwa. Na ce wa Malama Kaka tana gaishe ta, tana tambayar ya aiki. Ta ce in gaya mata in igiya take sha'awa ta je ta ɗaure mijinta. Na ce Kaka tana gaida maigida. Malama sai murmushi take tana rusunawa, tana cewa na gode Mama. Kaka ta dalla mini harara, ta ture ni gefe, Hausarta ta dawo tas.

"Malama, yara sun cika makaranta. Me ya sa shi?"

Malama ba ta da mugun nufi ko kaɗan, abin da ya sa maganar ta fita sumul ke nan.

"Mama, ba laifi ya yi ba. Fuska na duba. Kalli shi, duk aji ba wanda ya kai shi kama da mutanen dutse." Ta ƙara duban Kaka da kyau, fuskarta ta washe. "Ai da ke ya yi kama, Mama."

Na ja da baya. Wannan tsohuwa ta taɓa korar duba-gari da taɓarya har bakin titi don ya ce randarta tana da tsutsa. Na jira abin da zai faru, babu abin da ya faru. Ta gyara mayafinta, ta ce wa Malama sai an jima. Ta juya ta tafi, ko kallona ba ta yi ba.

Yinin ranar ban ji komai a aji ba, shanun Baffa kawai nake gani. Da na koma gida bayan la'asar, matan gidan sun tafi suna, sai ita kaɗai a inuwa tana ɓarar gyaɗa.

"Maigida, kwanto igiyar rijiya. Nuna mini abin da kake yi musu."

Na ce ga dama ta samu. In na sa hedimasta kuka, tsohuwa ba za ta gagare ni ba. Na naɗe hannuna, na zube, na yi birgima har gindin turmi, na kira awakina, na roƙi ɗumamena, na kawo jawabin ban kwana daga farko har ƙarshe ban yi tuntuɓe ba. Da na ɗago, gyaɗarta take ɓara.

"Ka gama?"

"Na gama."

"Duk ƙarya ne. A wuya ake ɗaurawa, hannu ai kaya zai ɗauka. Kuma ba a kuka. Mai kuka yana tona inda aka bi, ba ya isa gari." Ta watsa ɓawo a kwando. "Ta ce ita waiwaye kawai ta yi ta yi, igiya tana fizgarta, har dutsen ya ɓace."

"Wa ta ce?"

"Dada. Wadda ta haife ni. Ba ta kai ka girma ba lokacin." Ta ɗaga haɓa wajen da duwatsun suke, ko da yake katanga ta tare su. "Har ta rasu ba ta san wanne ne nata a cikinsu ba. In mun fito unguwa sai ta yi ta kallon su duka."

Ina zaune a ƙasa da igiya a hannu, ƙura har gira. Sai na yi tambayar da ta fara zo mini.

"To mu mene ne, Kaka?"

"Fulani mana, ɗan banza. Tashi ka mayar wa mutane igiyarsu." Har na miƙe ta ƙara da cewa, "In za ka yi, ka yi shi daidai."

Ba a sake ambaton Lau ba.

Ranar ba da kyaututtuka fili ya cika da iyaye, da yawansu don kukana suka zo, saboda 'ya'yansu sun daɗe suna kwaikwayonsa a gida. Muna shirin fita na ce wa abokina a wuya zai ɗaura. Ya ce ba haka Malama ta ce ba. Na ce ya ɗaura kawai. Mahara suka zo da dawakin kara, suka kwashe mutanen dutse, saura ni. Abokina ya jefa mini igiyar a wuya ya ja. Na bi shi ina waiwayen bencin da aka ɗora kan benci, bakina a rufe.

Fili ya yi tsit, ana jira. Wani daga baya ya ce in yi kukan mana. Malama tana bayan zanen da aka yi labule da shi, ina jin ta tana cewa, "Yi kuka, yaro, yi magana." Abokina ya sassauta igiyar ya raɗa mini, "Ka manta ne?" Ban manta ko kalma ɗaya ba, har yanzu ina iya kawo jawabin. Haka muka ratsa filin har muka shige bayan aji, aka ɗan tafa don dai a yi mana kara.

Kyautar wasa yarinyar da ta fito a Bature aka ba, wadda aka shafe da alli ta yi ta magana ta hanci. Malama ta ce na kunyata ta a gaban baƙi, kuma ta janye maganarta game da kaina. Na koma kusa da tsintsiya inda na fito. Abin ya yi mini zafi ƙwarai, don na san a makarantar nan ba za a sake cika taga saboda ni ba.

Kaka ba ta je ba, ta ce ƙafa ke damunta. Na same ta a inuwarta.

"Sun yi dariya?"

"Ko mutum ɗaya."

Ta ce in matso. Ta karkata kaina ta duba wuyana, inda igiyar ta ɗan ƙuje ni. Ta tashi da ƙafar da ke damun nata ta shiga ɗaki, ta fito da ƙwaryar man shanu, ta zaunar da ni a gabanta. Ta daɗe tana shafa mini, alhali ƙujewar ba wata babba ba ce.