Baba Mai Kwalba da Koren da Ya Yi Yawa

Kowace safiya, kafin a saki shanun gonar madara, Baba Mai Kwalba yakan shiga filin dawar kiwo shi kaɗai. Ya tsinko ganye, ya murtsuke, ya jefa a kwalba tare da 'yar takarda rawaya, ya toshe. Idan takardar ta zauna rawaya, shanu su ci. Idan ta yi ja, akwai guba a ganyen. Shekara talatin yana haka, wannan watan zai aje aiki.

Masu tatsa har yau sukan rage murya idan suna ba da labarin shekarar fari. Manaja ya sa an ninka takin zamani don dawa ta yi saurin tashi. Ruwa ya sauka sau ɗaya, sai ta yi toho, kore shar har yana neman baƙi. Ko iska ba ta motsa ganyen. Baba ya daɗe a tsaye yana kallo. Bai taɓa ganin fili mai kyau haka ba, kuma bai so shi ba.

Shanu arba'in, duk haƙarƙari a waje, suna kuka a bakin ƙofar filin. Baba ya jefa ganye da takarda a kwalba, ya toshe, ya zauna ya jingina da ƙofar.

"Baba, tashi mana! Yunwa za ta kashe su," in ji manaja.

"Ranka ya daɗe, da yunwa za su kai gobe. Da wannan ganyen ba za su kai azahar ba."

"Takardarka ma ba ta canja ba. Ko dai tsufa ne?"

"Tsufan ne. Takardar ma ba ta son gaggawa."

"In ba ka buɗe ba, a bakin aikinka."

Bai tashi ba. Ana cikin haka wata karsana ta karya shinge ta faɗa filin. Ta ci, ta ɗaga kai, ta fara rawar jiki, ta durƙusa, ganye na bakinta. Sai a lokacin aka duba kwalbar: ja wur.

Baba, kai ne ka zauna a ƙasa ana maka dariya. Ɗaya ta tafi, talatin da tara suka koma garke da ƙafafunsu. Mun gode, Allah ya saka. Mu da za mu gaje ka, Allah ya ba mu zuciyar cewa "a dakata" ranar da kowa ke cewa "buɗe".