Izinin da Yaya Mansur Ya Jira

Da kakar bana shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Mansur. An sake cire gyaɗa a gonakinmu na gefen Minjibir, an sake ɗaure dawa dami-dami, shi kuwa yana kwance a wata maƙabarta ta Musulmi a ƙasar Turawa, inda babu ɗayanmu da ya taɓa zuwa ya tsaya a kansa. Karatu ne ya kai shi can, aikin injiniya ya zaunar da shi. A can ya koyi abin da har yau tsofaffin garinmu ba su gama yarda ba, wato tuƙa ƙaramin jirgin sama mai kujera biyu, ba don neman abinci ba, don so kawai.

Yaya yana da wata ɗabi'a da abokansa na can suke yi masa dariya a kanta. A wajensa kowane tashi tafiya ce, ɗa kuma ba ya tafiya sai da izinin iyaye. Ko zagaye ɗaya zai yi a saman filin jirgi, sai ya bugo gida. Baba ne yake amsa masa, sau da yawa daga bakin kunyar gona da fartanya a kafaɗa: "To, direban shaho, a sauka lafiya." Shi ke nan, ya samu izini.

Sai Baba ya rasu a hatsarin mota, a hanyar dawowa daga kasuwa, izinin ya koma hannun Inna.

Yaya ɗan fari ne, Inna kuwa mutuniyar da ce wajen kunya. Ba ta kama sunansa, ba ta karɓar waya idan shi ne. Ni auta nake zama tsakani. In ya bugo ranar Juma'a sai in buɗe muryar wayar in ajiye a kan tabarma, ita ta ɗan juya baya tana ɓarar gyaɗa, wai ba saurare take yi ba. Duk maganar da za ta yi masa, ni take yi wa.

A shekarar ne wa'adin lasisinsa ya kusa cika. Ya yi mini bayani yadda zan gane: tuƙin jirgi ba kamar hawan keke ba ne da mutum zai iya ajiyewa ya dawo ya tarar. Izinin irin jirgin da yake tuƙawa yana da wa'adi. Kafin ya cika dole ya tara awanni a sama, ya kuma tashi da malami ya gwada shi, a sa masa hannu. In ya wuce, sai an koma horo da jarrabawa. Ga shi a ƙasar da yake, da sanyi ya shigo rana takan gajarce, hazo ya rufe sama makonni, ƙananan jirage su koma rumfa. 'Yan watanni kaɗan suka rage masa.

"Autar Inna, ke ce lauyata," in ji shi. "Ki tara Hausarki ta waƙe-waƙen nan ki roƙar mini."

Na roƙa. Inna ta ji duka, ba ta daina ɓarar gyaɗa ba. Can ta ce, "Ki ce wa wancan ƙasa ta ishe shi."

"Inna, jirgin nan fa ya fi motar kasuwa lafiya," ya faɗa daga cikin wayar.

"Ki ce masa ban tambaye shi ba."

Ya yi dariya, irin wadda yake yi in abu ya yi masa ciwo. "An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ashe har wanda ya hau jirgi." Na ga kafaɗar Inna ta motsa, ta danne murmushi, amma ba ta sauya magana ba.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ba ta daɗe da fita takaba ba, kuma kunya ba za ta bar ta ta ce wa ɗan fari tana tsoron rasa shi ba. Shi ma ya san haka. Yana iya tashi babu wanda zai sani, tsakaninmu da shi akwai teku da hamada. Bai tashi ba. Kowace Juma'a zai gaishe ta, ya tambayi damina, ya tambayi jan bijimin da Baba ya bari, a ƙarshe ya ce, "Auta, ko an sake duba maganata?" Inna ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ya ce, "To, Allah ya kai mu wata Juma'ar." Ya gaya mini ran Asabar yakan je filin ya zauna a bakin shinge da shayinsa, yana kallon abokansa suna tashi suna sauka. Ranar da wa'adin ya cika bai ambata ba. Daga baya kawai na lura ya daina tambaya.

Sanyin shekarar da ta biyo baya ciwon huhu ya kama shi. Kwanaki kaɗan ya yi a asibiti. A kan gado ya cika, ƙafafunsa ba su bar ƙasa ba. Inna ba ta yi kuka a gaban masu gaisuwa ba, don ba a yi wa ɗan fari. Sai dai ta daɗe ba ta taɓa gyaɗa ranar Juma'a ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga garinmu yau. An kafa famfunan hasken rana a fadama, abin da ya sha yi wa Baba alkawari. Gonaki sun ƙara tsukewa, gado ya yayyanka su har wata ba ta fi shimfiɗar tabarma goma ba. A bikin 'yar maƙwabtanmu mai hoto ya saki ɗan jirginsa mai ƙugi kamar zuma, yara suka bi shi da gudu har bayan gari. Na san da Yaya yana nan da shi ne a gabansu, da babbar rigarsa, yana tambayar mai hoton ko ya nemi izinin uwarsa.

Shekara biyu da suka wuce Inna ta je aikin Hajji, karonta na farko a jirgi. Aka ba ta kujerar taga. Da ta dawo, bayan 'yan sannu da zuwa sun watse, muna zaune mu biyu muna raba dabino a ƙananan leda, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Na ga gonaki daga sama. Kamar an ɗinka zane da ƙyallaye, kore da ja. Gajimare kuma a ƙarƙashinka yake, kamar audugar da aka shanya." Ta daɗe tana juya dabino ɗaya a hannu. "Ashe abin da yaron nan yake gani ke nan. Bai taɓa faɗa mini ba." Ya faɗa, sau da yawa, a wayar da ke kan tabarma. Ban tuna mata ba. Da-na-sani ƙeya ce, kuma tata ta ishe ta nauyi.

Ba na rubuta wannan don in ɗora wa kowa laifi. Uwa ta ji tsoro, ɗa ya yi biyayya, ajali ya zo ta ƙofar da ba a tsare ba. Yaya bai bar matar aure ba, bai bar ɗa ba, lasisinsa ma ya riga shi mutuwa. Na daɗe ina ganin kamar haƙurinsa ya tafi a banza, kamar ruwan da ya sauka a kan dutse.

Watan jiya aka ba ni gurbin ƙaro karatu a wata ƙasa mai nisa. Na yi mako ina shirya kalmomin da zan tunkari Inna da su, ina jin irin nauyin da ya riƙa ji kowace Juma'a. Na durƙusa a gabanta, ko rabin maganar ban kai ba ta ɗaga hannu.

"Ki tafi, Allah ya yi miki albarka," in ji ta. "Wanda na riƙe a ƙasa ma, ai ban riƙe shi ba."

Izinin da ya zauna a bakin shinge yana jira, ni ya zo wa. Allah ya jiƙan Yaya Mansur, ya haskaka kabarinsa a can inda yake baƙo.